Babban Shago

Kawu ya yage bakin ambulan ɗin da ɗan yatsa, ya zaro takardar, sannan ya shiga laluben aljihu yana neman tabarau. Su uku ne a kan bencin barandar asibitin: shi a tsakiya, Yaya a damansa yana kaɗa ƙafa, Auta a hagunsa rungume da jakar kayan Baba da nas ta miƙo mata ɗazu a kai gida a wanke. Ta tagar ɗakin da ke bayansu ana hango Baba kwance, Mama tana gyara masa matashi.

Mako uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana gane mutane, yana cin abinci, amma magana ta ƙi fita, ban da “to” da yake maimaitawa ko me aka ce masa. Shagunansa biyu kuwa ba ruwansu da ciwo. Masu kawo kaya suna neman wanda zai sa hannu, ma'aikata suna neman wanda za su ji maganarsa. Shi ya sa Kawu, ƙanin Mama, ya ce lokaci ya yi da za a buɗe takardar da Baba ya ba shi ajiya bara, ranar da likita ya fara ja masa kunne a kan hawan jini.

“Layi uku ne kacal,” in ji Kawu bayan ya ɗora tabarau a hanci. “Kun dai san mutumin da rowar magana.”

Ya karanta a hankali: “Idan ciwo ya kwantar da ni na kasa fita, Auta ta riƙe babban shago, yayanta ya riƙe ƙaramin. Kada a rufe ko ɗaya. Kada a yi faɗa a gaban uwarsu.”

Ƙafar Yaya ta daina kaɗawa.

“Sake karantawa, Kawu.”

Kawu ya sake. Babu abin da ya canja.

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran keken ɗinki. Shagonsa na farko yana cikin kasuwa, a layin teloli, faɗinsa taku uku. In mutum biyu suka shiga, sai dai na uku ya yi magana daga waje. A nan Auta ta zauna kusa da shi tun tana 'yar shekara goma sha huɗu, har yau da take da talatin da biyar da 'ya'ya uku, kuma har yau ba wanda ya daina ce mata Auta. Na biyun kuwa Yaya ne ya matsa aka buɗe shi da ya gama karatu, shekara goma sha biyu da suka wuce. Yana bakin titi, da ƙofar gilashi da ma'aikata shida, sababbin kekuna jere suna ƙyalli. Kowa shi yake kira babban shago, tun daga direbobin da ke sauke kaya har zuwa Mama.

Mutum ɗaya ne ba ya kiransa haka, shi ne wanda ya rubuta takardar. A bakin Baba, babban shago shi ne ɗan matsattsen shagon nan na cikin kasuwa. Ba ya gyara wa kowa magana, ba ya gardama a kai, amma Auta da ke wuni tare da shi ta ji ya faɗa ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Tun kafin Kawu ya kai ƙarshen layin farko ta gane abin da Baba yake nufi: kowa ya zauna inda yake.

Ta buɗe baki za ta faɗa, sai Yaya ya riga ta.

“Ita?” Ya miƙe tsaye, ya rage murya saboda tagar. “Shekara goma sha biyu ina fita da duhu-duhu, ban san hutu ba, sai a ɗauka a ba wadda ba ta san komai ba sai ɗiga wa keke mai? Kawu, dubi hannunta don Allah. Da wannan hannun za ta gaisa da mutanen kamfanin kekuna?”

Auta ta dubi hannun nata. Baƙin mai ya zauna a ƙarƙashin farce, irin wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Ta mayar da bakinta ta rufe.

“Ni dai abin da aka rubuta na karanta,” in ji Kawu yana ninke takardar. “Babba babba ne, ba ya bukatar lauya. Ƙarfe huɗu mu haɗu a can bakin titi, ka miƙa mata makullai a gabana. Kuma kun ji layi na uku.”

Yaya ya kawar da kai. Ya juya ya bi barandar, ko leƙa ɗakin bai yi ba.

Auta ta shiga ta gaida Baba. Ta jiƙa tawul ta goge masa hannun da ya shanye, yatsa bayan yatsa, yana kallonta da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan a ɗan lumshe. Mama ta tambaye ta me takardar ta ce, Auta ta ce maganar shago ce, Kawu zai yi mata bayani. Ta san in ta sunkuya ta tambayi Baba wanne yake nufi, “to” zai ce mata. Ba ta ma tambaya ba. Ba ta da abin da take neman sani.

A cikin bas, tana matse tsakanin wata mai kwandon albasa da taga, wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne. Tun bara ciwon baya ya raba shi da tuƙin motar kaya, yanzu shi ke kai yara makaranta ya dawo ya zauna yana sauraren rediyo.

“Ina magana da manaja ne, ko sai na bi layi?” ya ce, muryarsa cike da dariya.

“Wa ya gaya maka?”

“Kawu ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa duniya. Ke, yau Allah ya dube mu. 'Yarmu za ta yi karatun jinyar da take ta mafarki. Ni kuma in samu katifa mai tauri, ko bayan nan zai bar ni in yi barci.”

“Ba a gama magana ba tukuna.”

“Me ya rage? Da hannunsa fa ya rubuta.”

Ta ce masa ana hayaniya, za ta kira shi an jima. Ta jingina kai da gilashin tagar. Rabon da ta ji ya yi dariya irin wannan har ta manta.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta buɗe shagon kasuwa. Warin man keke da tsohon ƙarfe ya tare ta kamar kullum. Kujerar Baba tana nan inda ya bar ta, da matashin da ya lotsa daidai zamansa, ga sukudirebobi jere a bango, kowanne a kan ƙusarsa. Ta zazzage jakar asibitin a kan tebur don ta ware kayan wanki. Rigar da Baba ya faɗi da ita ta fito, wani abu ya yi ƙara a aljihunta.

Makullansa ne, biyar a zobe ɗaya. Kowane makulli ya naɗa masa farin salatif a kai, ya yi rubutu da biro: gida, sito, akwati. Na huɗu gajere ne, ya sha hannu har ya yi santsi, an rubuta masa “babba”. Na biyar dogo ne mai sheƙi, an rubuta masa “ƙarami”.

Ta ɗauki kwaɗon da ta cire daga ƙofa yanzun nan, ta danna shi ya kulle, ta zura gajeren makullin. Kwaɗon ya buɗe ba gardama.

Ta daɗe zaune da zoben a tafin hannunta. Salatif ne kawai. Farce ɗaya ya isa ya ɓare shi, kwandon shara kuma yana nan ƙarƙashin tebur. Ba ƙarya za ta yi ba, shiru kawai za ta ci gaba da yi. Ta tuna bara da Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofar nan, ko shigowa bai yi ba, ya ce wa Baba a rufe wurin a mayar da shi ma'ajiyar kwalaye, wai zamanin gyara ya wuce. Ta tuna bikin buɗe shagon titi, da aka zaunar da ita a can baya wajen masu raba lemo. Ba katifa kaɗai take so ba, ba karatun 'yarta kaɗai ba. Tana so ko sau ɗaya ne Yaya ya tsaya a gabanta yana jiran abin da za ta ce.

“Sallama dai, 'yar Baba. Ko an tafi duniyar tunani?”

Wata tela ce daga ƙarshen layi, tsohuwar mai kawo musu aiki, ɗauke da kan keke naɗe a zani. Ta dire shi a kan tebur tana haki. Kayan makaranta sittin ta karɓa, jibi za a zo ɗauka, keken kuma tun jiya yake tsallake ɗinki yana tsinka zare.

Auta ta jefa makullan a aljihu, ta ɗora kan keken a mazauninsa. Ta juya shi da hannu sau biyu tana saurare, kunnenta kusa da allurar.

“Kin canja allura jiya?”

“Na canja. Sabuwa ce fil.”

“Sabuwa ce, amma ba tasa ba ce. Ta yi masa tsawo kaɗan, shi ya sa take dukan ƙasa.” Ta kwance farantin, ta fitar da wani dunƙulen zare da ya cushe a ciki, ta goge wurin da allurar ta karce, ta sa wata. Ta tura ƙyalle ta taka. Ɗinkin ya fito a miƙe, sautin keken ya koma daidai.

Telar ta ɗaga ƙyallen a haske tana dubawa. “Kunnen nan na gado ne. In kika bar layin nan, wallahi mun shiga uku. Ya jikin Baban?”

“Da sauƙi. Jiya ya ɗaga cokali da kansa.”

Bayan ta tafi Auta ta lura cewa minti goman nan da ta yi a kan keken ne kawai ba ta tuna da takardar ba tun safe. Amma ba ta yanke komai ba. Ta gyara wasu kekuna biyu, ta sha shayi da burodi a tsaye, ƙarfe uku da rabi ta kulle ta nufi bakin titi, makullan suna buga mata cinya a aljihu.

Shagon titi ya yi tsit, ko rediyon da suke kunnawa ba a kunna ba. Ma'aikatan sun taru a gefe ɗaya suna goge kekunan da ba su da ƙura. Kawu yana zaune a kujerar baƙi. Yaya yana bayan kantar shagon, kwali a gabansa, ya zuba hoton 'ya'yansa da kofin shayinsa da wata tsohuwar darduma. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ta sauka.

“Ga makullai,” ya ce, ya tura mata su. “Ga wannan kuma.”

Takarda ce, cike gaba da baya da rubutunsa. Ta ɗauka tana tsammanin sharuɗɗa ne. Ta karanta layin farko: rufin kusurwar hagu yana yoyo in an yi ruwa mai ƙarfi, a janye kekuna daga wurin. Mai gadi yana da ciwon gwiwa, kada a sa shi ɗaukar kaya ko da ya ce zai iya. Ma'aikaciyar da ke zama a kanta tana fita ƙarfe biyu ta ɗauko 'yarta daga makaranta, takan dawo da wuri, kada a yi mata magana. Akwai wani dattijo da ke zuwa duk wata ya kalli keke ɗaya bai saya ba, a ba shi kujera, yana tara kuɗinsa ne. Haka abin ya ci gaba har ƙasan shafi na biyu.

“Mutanen kamfani suna zuwa ranar farko ta wata,” in ji Yaya yana kallon kwalin. “Zan zo in zauna da ke sau biyu ko uku har ki saba da su. Maganar safe kuma, bakina ne ya riga hankalina.”

Auta ta ajiye takardar. Ta sa hannu a aljihu ta fito da zoben Baba, ta ɗora shi a kan kantar kusa da na Yaya.

“Kawu, don Allah sa tabarau ka karanta abin da ke jikin waɗannan.”

Kawu ya taso ya karanta su ɗaya bayan ɗaya.

“Rubutun wa ne?”

“Nasa ne mana. Wa ke yin ‘b’ kamar ƙugiya in ba shi ba?”

“To ɗauki wanda aka rubuta wa ƙarami, ka gwada a ƙofar nan.”

Kawu ya dube ta, ya dubi Yaya, ya tafi bakin ƙofar gilashin. Ma'aikatan sun daina goge-gogen. Ya zura dogon makullin ya murɗa, ƙarfen ya fito. Ya sake murɗawa, ya koma. Ya gwada gajeren, ko shiga bai yi ba.

“Wannan na kwaɗon kasuwa ne,” in ji Auta. “Shi Baba can yake ce wa babban shago. Nan kuma ƙarami. Kowa ya zauna inda yake, abin da takardar ta ce ke nan.”

Kawu ya dawo a hankali, ya matso kusa da ita. “Auta, kin san abin da kike sakewa kuwa? Ba wanda ya tambaye ki wannan.”

“Na sani, Kawu.”

Yaya ya ɗauki zoben, ya juya makullan biyu a hannunsa yana karanta salatif ɗin kamar zai sami wani rubutu a bayansa.

“Yaushe kika gane?”

“Tun kafin Kawu ya gama karantawa.”

“Kika yi shiru?”

“Ka ce a dubi hannuna. Na duba, sai na ji ba na son magana.”

Ma'aikaciyar da ke zama a kanta ta yi saurin sunkuyar da kai tana danne dariya. Yaya ma ya yi dariyar, gajera, sannan ta ɗauke. Ya zauna a kan kujerarsa, ya dubi jerin kekunan da fitilun da ke sama da ƙofar gilashin.

“Ashe shekara goma sha biyu a ƙaramin shago nake,” ya ce. “Ni ina nan ina hura hanci.”

“Ba raini ba ne, Yaya.” Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. “Ni ma na taɓa tambayarsa. Na ce, Baba, wannan wurin da ko juyawa ba a iya yi shi ne babba? Ya ce, tsakanin uwarki da yayanki wa ya fi tsawo? Na ce Yaya, nesa ba kusa ba. Ya ce, to wane ne babba? Shi ke nan, ya ci gaba da aikinsa. A wurinsa wanda ya haifi wani shi ne babba, ko da a aljihu za a sa shi.”

Kawu ya yi murmushi. “Yayar tawa kam ko kafaɗarka ba ta kai ba.”

“Kuma ba ka san wani abu ba,” in ji Auta. “Duk wanda kekensa ya mutu murus, Baba ba ya cewa je ka sayi sabo. Cewa yake, je wurin ɗana. In mun tashi da yamma, sai ya ce mu hau bas ɗin da ke zagayowa ta nan, alhali ya fi nisa. Ba ya sauka. Kallo kawai yake yi ta taga, in mun wuce ya ce, an kunna fitilu.”

Yaya ya sa hannu ya shafa fuskarsa, ya daɗe bai sauke ba. Kawu ya juya ya ce wa ma'aikatan su kunna rediyonsu, ba makoki ake yi ba.

Auta ta fita waje ta kira mijinta, ta gaya masa komai ba ta rage ba.

“To,” ya ce. “Dama manajan ba ta yi kama da ke ba. Ni ne na yi saurin auna katifa.” Ya ja numfashi. “Yarinyar dai za ta yi karatunta, ko ta wace hanya. Ki taho da burodi.”

Da ta koma ciki ta tarar Yaya ya mayar da hoton 'ya'yansa kan kantar, ya sa an buɗe sito. Kekuna goma sha ɗaya ne a ciki waɗanda masu saye suka dawo da su da ƙorafi. Wata da watanni yana aika irinsu wurin wani mai gyara a can nesa, suna dawowa da ciwon da suka tafi da shi.

“Ban taɓa kawo muku ba,” ya ce. “Girman kai ne, ba wani abu ba. In za ki karɓa, daga yau duk gyaran nan naki ne, a kan farashin da nake ba wancan.”

“Wancan ai bai iya ba. Nawa ya fi nasa tsada.”

“Kawu, ka ji ta ko?”

“Ni na gama nawa aikin,” in ji Kawu yana cusa tabarau a aljihu. “Asibiti zan koma in gaya wa uwarku ba a yi faɗa ba.”

Suka loda huɗu a bayan motar shagon, Yaya ya tuƙa da kansa. A bakin kasuwa suka sauke, suka yi sawu biyu suna ratsa layin teloli, ana ta gaishe su ana tambayar jikin Baba. Da ya zo shiga shagon sai da ya buga goshi a saman ƙofa. Ya tsaya yana murza wurin, yana kallon bangon sukudirebobin da kujerar mai lotsattsen matashi. Bai zauna a kanta ba. Ya raɓe a gefe, kafaɗarsa tana gogar bango.

Rana ta yi sanyi, hasken shagon ya ragu. Auta ta kwance keke na farko, ta miƙa masa tocila ta ce ya haska mata ƙasan farantin. Ya sunkuya da farar rigarsa mai guga yana haskawa, tana ce masa ya ɗan yi hagu, ya ɗan yi ƙasa.

Suna cikin haka wani mutum ya tsaya a ƙofa, kan keke a kafaɗarsa, gumi ya jiƙa masa wuya. Baƙo ne, ba ɗan layin ba. Ya dubi matar da ke zaune, ya dubi ƙaton mutumin mai agogo da farar riga, ya russuna wa Yaya.

“Ranka ya daɗe, kai ne babban wurin? Daga nesa nake. An ce kada in ba kowa sai babban da kansa.”

Yaya bai ɗago daga inda yake haskawa ba.

“Ni fitila nake riƙewa,” ya ce. “Ga babbar nan.”

Mutumin ya sauke keken daga kafaɗarsa ya ajiye a gaban Auta. Ta matsar da na Yaya gefe, ta juya na baƙon da hannu sau biyu, ta kai kunnenta kusa da allurar.

“Tun yaushe yake wannan ƙarar?” ta tambaye shi.